Zaɓen na'urar rarraba intanet a gida: abubuwan da ake dubawa kafin a saya

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. A gidan da ake da kwamfutoci biyu ko uku, ga wayar mai gida da ta uwargida da na 'ya'yan da ke makaranta, saya wa kowace na'ura data daban nauyi ne babba. Mafitar da aka saba bi ita ce a shigo da layi guda ɗaya, sannan a raba shi ga kowa ta Wi-Fi. Na'urar da ke wannan rabo ita ake kira rauta.

Rautoci iri-iri ne a kasuwa, kuma kwalayensu na ɗauke da manyan lambobi da hotunan eriya huɗu ko shida. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fara zaɓe daga waɗannan lambobi. Rauta ba ta ƙirƙirar intanet, abin da ya shigo gida kawai take rabawa. Don haka zaɓen na farawa ne daga hanyar da intanet ke bi ta shigo, sai yanayin ginin gidan, da na'urorin da za su yi amfani da ita, da halin wutar lantarki, da kuma tsaro.

Bambancin modem da rauta

Ayyuka biyu ne ke gudana kafin intanet ta isa kwamfutar da ke cikin ɗaki. Na farko shi ne karɓo ta daga kamfanin da ke sayarwa, ko ta waya ko ta iska, kuma wannan aikin modem ne. Na biyu shi ne raba ta ga na'urorin gida, da ba kowace na'ura adireshinta domin saƙon wata kada ya tafi wurin wata, kuma wannan aikin rauta ne. A yau sau da yawa ana haɗa su biyun a akwati ɗaya, shi ya sa mutane ke kiran su da suna ɗaya.

Sanin wannan bambanci yana hana asarar kuɗi. Rautar da ba ta da modem a cikinta ba ta da wurin sa SIM. Abin da take da shi kafa ce a baya mai alamar WAN, wadda ke jiran waya daga wani modem. Wanda ya saye ta da nufin sa mata layin waya zai koma gida da akwatin da ba zai yi masa aiki ba.

Hanyoyi uku da intanet ke shigowa gida

Mafi yawan intanet ɗin da ake amfani da ita a Najeriya tana isowa ne ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano da ta iso Legas a 2022. Daga gaɓar teku zuwa cikin gida kuwa, hanyoyi uku ne aka fi sani.

Ta farko ita ce wayar faiba, wadda ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske a cikin siririn zaren gilashi. Ita ce mafi tsayayyen sauri, amma ba ta kai kowace unguwa ba, an fi samunta a sassan manyan birane. Kamfanin da ya jawo ta shi ke kawo akwatin da take shiga, kuma galibi akwatin yana da Wi-Fi a jikinsa. A nan mai gida ba ya bukatar wata rauta sai idan siginar akwatin ba ta kai duk ɗakuna ba.

Ta biyu ita ce layin wayar salula na 4G ko 5G, wanda ya fi kowace hanya yaɗuwa a ƙasar. Na'urorinsa kashi biyu ne. Akwai 'yar ƙarama ta aljihu da ake kira MiFi, mai batir a cikinta, wadda galibi ke ɗaukar na'urori kimanin goma, siginarta kuma ba ta wuce ɗaki ɗaya ko biyu da ƙarfi. Akwai kuma babba ta ajiye kan tebur, mai eriya mafi ƙarfi da kafofin sa waya a baya. Ta farkon ta dace da ɗalibi ko matafiyi, ta biyun ta dace da iyali.

A watan Disambar 2021 ne aka yi gwanjon lasisin 5G na farko a Najeriya a zangon gigahaz 3.5, inda MTN da Mafab suka yi nasara. MTN ta fara aikin a 2022, Airtel kuma ta biyo baya a 2023. Rautar 5G ta fi ta 4G tsada sosai, kuma a unguwar da sabis ɗin 5G bai kai ba, aikin 4G kawai za ta yi. SIM ɗin da za a sa a rauta, kamar na waya, sai an yi masa rajista an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, bisa umarnin da gwamnatin tarayya ta bayar tun Disambar 2020.

Ta uku ita ce tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka da ta samu. Taurarinsa na zagaye a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, don haka saƙo ba ya jinkiri kamar na tsofaffin taurarin da ke nisan kusan kilomita 36,000. Kayan suna zuwa da farantinsu da rautarsu. Farantin yana bukatar sararin sama a buɗe, ba bishiya ba gini, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan kawo masa tangarɗa na ɗan lokaci. Ya fi amfani a wurin da faiba ba ta kai ba kuma sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi.

Ga wanda zai dogara da SIM, gwaji kafin saye ya fi duk wani talla. Ana sa layukan kamfanoni daban-daban a waya ɗaya, a auna saurinsu da manhaja irin su Speedtest a wurin da ake shirin ajiye rautar. A auna da safe, a sake aunawa bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a suka taru a kan ƙarfen sabis ɗaya. Layin da ya riƙe saurinsa da daddare shi ne abin dogaro a wannan gida, ko da wani ne ya fi ƙarfi a unguwar da ke maƙwabtaka.

Akwai kuma batun kulle. Rautar da kamfanin sadarwa ke sayarwa da rahusa galibi a kulle take, SIM ɗinsa kaɗai take karɓa. Buɗaɗɗiya ta fi tsada, amma tana ba da damar sauya layi ranar da sabis ya lalace. Ita ma sai an tabbatar tana kama zangon da kamfanonin ƙasar nan ke amfani da shi a 4G, wanda ya haɗa da megahaz 700, 800, 1800, 2300 da 2600, domin rautar da aka ƙera don wata ƙasa tana iya rasa wasu daga ciki. A takardar bayanin rautar 4G ana ganin alamar Cat 4 ko Cat 6. Iyakar ta farko megabit 150 ne a daƙiƙa, ta biyu 300, saboda tana iya haɗa zango biyu a lokaci guda.

Tsararrakin Wi-Fi

Wi-Fi ya samo asali ne daga ƙa'idar da cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997 mai lamba 802.11, wadda saurinta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. A 1999 aka samu 802.11b mai megabit 11, a 2003 kuma 802.11g mai megabit 54. Saboda waɗannan lambobi na rikita masu saye, a 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance, wadda ke ba na'urori shaidar inganci, ta fito da sunaye masu sauƙi. Ƙa'idar 802.11n ta 2009 ta zama Wi-Fi 4, 802.11ac ta 2013 ta zama Wi-Fi 5, ita kuma 802.11ax ta zama Wi-Fi 6, wanda aka fara ba da shaidarsa a 2019. An fara ba da shaidar Wi-Fi 7 a farkon 2024.

Sabuwar rauta tana aiki da tsohuwar kwamfuta, amma kowace haɗuwa tana tafiya ne da iyakar na'urar da ta fi tsufa a cikin biyun. Kwamfutar da aka ƙera da Wi-Fi 4 ba za ta wuce saurin Wi-Fi 4 ba ko da an haɗa ta da rauta mai Wi-Fi 7. Babban amfanin Wi-Fi 6 a gida shi ne yadda yake kula da na'urori masu yawa a lokaci guda ba tare da sun yi ta jiran juna ba. Ga iyali mai matsakaicin yawa, Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6 ya wadatar. Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 suna iya amfani da zangon gigahaz 6, wanda buɗe shi ya dogara da izinin hukumar sadarwa ta kowace ƙasa, kuma sai sababbin na'urori ne ke kama shi.

Ma'anar lambobin da ke kan kwali

Idan aka ga AC1200 a kan kwali, ba ana nufin kwamfuta za ta samu megabit 1,200 ba. An tara iyakar zango biyu ne, 300 da 867, aka cike lissafin. Haka AX1800 jimillar 574 da 1,201 ce. Na'ura ɗaya zango ɗaya take hawa a lokaci guda, kuma abin da take samu a zahiri yana ƙasa da wannan iyaka sosai, musamman idan akwai bango a tsakani.

Sama da wannan duka, layin da ya shigo gida shi ne iyaka ta gaskiya. Idan kamfani yana ba da megabit 20, rauta mai lamba 3,000 ma megabit 20 ɗin za ta raba. Akwai kuma bambanci tsakanin megabit, wanda ake auna sauri da shi, da megabait, wanda ake auna girman fayil da shi. Megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya. Layi mai megabit 40 yana sauke megabait 5 a daƙiƙa, wato fayil mai gigabait ɗaya zai ɗauki minti uku da 'yan daƙiƙu.

Bukatar gida ana iya lissafa ta. Netflix na ba da shawarar megabit 5 don kallon bidiyo mai tsabta sosai, da 15 don na 4K. Taro ko darasi ta bidiyo yana bukatar megabit 3 zuwa 4. Mutum huɗu da ke irin waɗannan ayyuka lokaci guda suna iya wadatuwa da tsayayyen layi mai megabit 20 zuwa 25.

Abin da ake yawan mantawa shi ne kafofin da ke bayan rauta. Wasu masu araha kafofinsu ba sa wuce megabit 100. Wanda ya biya faiba mai megabit 200 ya sa ta a irin wannan kafa, rabin abin da ya biya ya tsaya a ƙofa. Kalmar Gigabit a bayanin kafofin ita ce alamar suna ɗaukar megabit 1,000.

Zangon 2.4 da na 5

Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma a gidaje zango biyu aka fi amfani da su. Na gigahaz 2.4 yana zuwa nesa kuma ya fi ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai, ga cunkoso. A kansa Bluetooth da murhun maikirowef suke aiki, kuma tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. A gidan haya mai sassa da yawa ko rukunin gidaje da kowa ke da rautarsa, wannan zango kan cika.

Na gigahaz 5 ya fi sauri kuma tashoshinsa sun fi yawa, sai dai ƙarfinsa na raguwa da wuri idan ya ci karo da bango. Rauta mai zango biyu tana ba da duka, na kusa su hau na 5, na nesa su hau na 2.4. Wasu rautocin 4G masu araha zangon 2.4 kaɗai suke da shi, kuma wannan na cikin abubuwan da ake tambaya kafin a biya.

Game da lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa babu gamsasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna raunanan igiyoyin rediyo irin na Wi-Fi suna cutar da mutum.

Gini da wurin ajiye rauta

Yawancin gidajen biranen Najeriya da bulon siminti aka gina su, benaye kuma suna da rufin kankare mai rodi a ciki. Siminti na rage ƙarfin sigina, ƙarfe kuma yana kusan tare ta gaba ɗaya. Ƙofar ƙarfe, firji, babban madubi da tankin ruwa duk shinge ne. Katangar ƙasa mai kauri ta tsofaffin gidaje ita ma tana shanye sigina. Nisan da aka rubuta a kwali an auna shi ne a fili, don haka ƙirga bangayen da ke tsakanin rauta da ɗaki ya fi amfani.

Wurin da ya dace shi ne tsakiyar gida, a sama kamar kan kanta, a sarari, ba cikin kabad ko bayan talabijin ba. Rautar SIM tana da wata bukata ta daban, domin ita ma karɓar sigina take yi daga waje, don haka kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis ta fi kamawa. Inda sabis ke da rauni, rautar da ke da wurin ɗaura eriyar waje tana taimakawa.

Zafi ma abin lura ne. Rautocin gida da yawa an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yola zafin bazara kan haura haka. Rautar da aka ajiye a rana ko daf da rufin kwano takan rage sauri ko ta riƙa mutuwa tana tashi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙofofin shan iskarta, sai an riƙa gogewa.

Idan gidan bene ne, ko babban gida mai sassa da tsakar gida, rauta ɗaya ba ta isa. Hanya mafi inganci ita ce a ja waya daga rautar farko zuwa ɗaya sashen, a sa rauta ta biyu a mayar da ita reshe. Rautoci da yawa suna da wannan zaɓi a shafin saiti da alamar AP. Wayar Cat5e ko Cat6 tana kai saƙo har mita 100 ba tare da ya ragu ba, kuma ba ta da tsada idan aka kwatanta da sauran hanyoyi.

Hanya ta biyu ita ce tsarin Mesh, wato ƙananan rautoci biyu ko uku da ke magana da juna a ƙarƙashin suna ɗaya, mutum ya yi ta yawo a gida ba tare da layi ya yanke ba. Yana da sauƙin kafawa amma ya fi tsada, kuma shi ma ya fi aiki idan an haɗa sassansa da waya. Hanya ta uku ita ce rifita, 'yar na'urar da ake sa wa a soket ta maimaita sigina. Ita ce mafi araha, sai dai mai zango ɗaya takan rage sauri da kusan rabi, tunda da rediyo ɗaya take karɓa kuma take aikawa. Ana ajiye ta a tsakiyar hanya inda sigina ke da sauran ƙarfi, domin idan aka kai ta ɗakin da siginar ta mutu ba abin da za ta maimaita.

Su kansu kwamfutocin

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana zuwa da Wi-Fi a cikinta, amma ta tebur sau da yawa ba ta da shi. Ana iya sa mata ƙaramar adaftar USB, wadda ya kamata ta zama mai zango biyu idan rautar mai zango biyu ce. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ganin zangon 5 ko kaɗan, kuma wannan adafta tana gyara matsalar ba sai an sayi sabuwar kwamfuta ba.

Duk na'urar da ba ta motsi, kamar kwamfutar tebur ko talabijin ko firinta, haɗa ta da waya ta kafar LAN ya fi. Tana samun tsayayyen sauri, kuma tana bar wa wayoyin hannu sarari a iska. Wannan ne ya sa ake ƙirga kafofin LAN kafin saye, domin wasu rautocin SIM kafa ɗaya kawai suke da ita.

Wutar lantarki

Rautar gida ba ta cin wuta sosai, galibi tsakanin wat 5 ne zuwa 15. Mai wat 10 da ta kwana ta yini a kunne tana cin kusan yunit 7 a wata. Matsalar ita ce ɗaukewar wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, ko aka juya zuwa janareta, rautar tana mutuwa ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo, kuma wannan ya isa ya yanke darasi ko cike fom ko tura kuɗi.

Maganin shi ne ƙaramin batirin ajiya na rauta, wanda ke zama tsakanin soket da na'urar. Dole ƙarfin wutarsa ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin adaftar rautar, wanda yawanci 12V ne, wasu kuma 9V ko 5V. Ƙarfin da ya wuce na adafta yana iya ƙona na'urar. Lissafin lokaci ba wuya: batir mai 12V da 7Ah yana riƙe wat-awa 84, wato a lissafi kimanin awa takwas ga rauta mai wat 10. Wasu rautocin SIM suna zuwa da batirinsu a ciki. Farantin Starlink na gida kuwa yana cin wat 50 zuwa 100, don haka mai shi yana bukatar inbata ko sola.

Dawowar wuta da ƙarfi tana lalata adafta, shi ya sa ake sa soket mai kariya. Da damina, wayar da ta fito daga eriyar waje ko ta ratsa tsakar gida tana iya jawo wutar tsawa zuwa cikin na'urori, kuma cire ta lokacin hadari mai tsawa ya fi aminci.

Tsaro

Ta rautar gida ake shiga manhajar banki, ake aika takardun aiki da hotunan iyali, don haka kulle ta wajibi ne. Tsarin kulle na farko, WEP, an gano yadda ake fasa shi tun 2001, kuma bai kamata a yi amfani da shi ba. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. Rautar da za a saya ta kasance tana da WPA2 aƙalla, mai WPA3 ta fi.

Kalmomin sirri biyu ne a kowace rauta. Ɗaya ta shiga Wi-Fi ce, ɗayar kuma ta shiga shafin saiti, wanda ake buɗewa da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kamar yadda aka rubuta a ƙasan na'urar. Ta biyun ce ake yawan bari yadda ta zo daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin rautoci da kyamarorin tsaro a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya tsayar da manyan shafukan intanet a Amurka a watan Oktoban shekarar. Canza kalmomin biyu shi ne aikin farko ranar da aka kunna rauta. Kalmar Wi-Fi tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63, kuma doguwa ta fi lambar waya ko ranar haihuwa, waɗanda na kusa ke iya cinka.

Tsarin WPS mai amfani da lambar PIN an gano rauninsa a 2011, don haka kashe shi ya fi. Haka kuma rauta tana da manhajar cikinta da masana'anta ke sabuntawa don toshe ɓaraka. Tsohuwar da aka daina yi wa sabuntawa, komai arharta, ƙofa ce a buɗe.

Akwai kuma lamarin baƙo da maƙwabci, waɗanda hana su kalmar sirri ke da nauyi a al'ada. Rautoci da yawa suna da Wi-Fi na baƙi, mai sunansa da kalmarsa daban. Wanda ya hau shi yana samun intanet amma ba ya ganin kwamfutocin gida, wasu rautocin ma suna ba da damar ƙayyade masa sauri. Ana iya canza kalmarsa a kowane lokaci ba tare da an taɓa na'urorin iyali ba.

Kula da data

Data kan ƙare da sauri a rauta fiye da a waya, saboda na'urori suna ɗaukar Wi-Fi a matsayin layin da ba shi da iyaka. Da zarar sun hau, kwamfuta na sauke sabuntawa, wayoyi na tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, talabijin na zaɓar hoto mafi tsabta. Bidiyo mai tsabta sosai yana iya cin gigabait 3 a awa ɗaya, wato kallon awa biyu kullum yana iya kaiwa gigabait 180 a wata.

A Windows da Android akwai saitin da ke sanar da na'ura cewa wannan Wi-Fi na ƙidayar data ne, sai ta rage sauke abubuwa da kanta. Rautar da ke nuna adadin na'urorin da ke kanta da abin da kowace ta ci tana saurin bayyana inda data ke zurarewa. Tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan marasa iyaka kuma galibi suna da sharaɗin rage sauri bayan an ci wani adadi, kuma wannan adadi shi ne abin tambaya.

A wurin saye

Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ta ɗora wa NCC alhakin tantance nau'in na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar, kuma hukumar na wallafa jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Ana samun rautoci a ofisoshin kamfanonin sadarwa da manyan kasuwannin na'urori irin su Computer Village a Ikeja, Banex a Abuja da Farm Centre a Kano. Ko a ina aka saya, a karɓi rasit mai lambar samfurin da sharaɗin garanti, a kunna na'urar a gaban mai shago, a gwada SIM fiye da ɗaya idan an ce buɗaɗɗiya ce. Ta hannu kuma a mayar da ita saitin masana'anta kafin a fara aiki da ita. Ƙorafi kan sabis ana fara kai shi ga kamfanin, idan bai warware ba a kira layin NCC na kyauta, 622. Ƙorafi kan jabun kaya ko ƙin cika garanti yana zuwa ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Ɗalibi ko ma'aikaci mai ɗaki ɗaya da kwamfuta ɗaya da waya, MiFi ko ƙaramar rautar 4G mai batir ta ishe shi. Iyali a gida mai ɗaki uku da na'urori goma zuwa goma sha biyar suna bukatar rauta mai zango biyu, Wi-Fi 5 ko 6, a tsakiyar gida, tare da batirin ajiya. Gidan bene ko babban gida mai sassa yana bukatar rauta ɗaya a inda layi ya shigo, da reshe a kowane hawa ko sashe, an haɗa su da waya. A duka ukun, kuɗin da za a ƙara don babbar lamba a kwali ya fi amfani idan aka sa shi a layi mai kyau, da waya, da batir.